Paul Robeson: Daga Dandalin Wasan Kwaikwayo Zuwa Allon Silima

Masu karatu, duk wanda ya taɓa zama gidan silima, ko a Yamai ko a Damagaram ko a Maraɗi ko a Tawa, ya san yadda tsofaffin finafinan Turawa suke nuna baƙin mutum: ko dai ɗan dako ne ɗauke da akwatin Bature a ka, ko kuku ne a bakin murhu, ko kuwa wani mai mashi ne yana ihu a bakin daji. Ba safai mai kallo yake tambaya ko wane ne wannan mutum da aka ɗauki hotonsa ba, balle ya tambayi abin da ya ji a ransa ranar da ya ga abin da aka yi da fuskarsa. A wannan shafi za mu ba da labarin wani Baƙin Amurka, Paul Robeson, wanda ya yi suna a dandalin wasan kwaikwayo na Niyok da na Landan, sa'an nan ya shiga silima tun tana jaririya, da niyyar ya wanke baƙar fata daga wannan raini. Ya yi shekara 17 yana wannan fama, daga 1925 zuwa 1942, kuma abin da ya gano a ciki ya shafi duk al'ummar da wani ke ɗaukar hotonta.

Ɗan bawa

An haifi Paul Robeson ran 9 ga watan Afrilu 1898 a garin Princeton, cikin jihar New Jersey, ba nisa da Niyok. Mahaifinsa, William Drew Robeson, cikin bauta aka haife shi a wata gona ta jihar Karolina ta Arewa. A 1860, yana da wajen shekara 15, ya tsere ya nufi arewacin ƙasar, watau shekara 5 kafin a soke bauta a Amurka baki ɗaya. Ya yi karatu har ya zama limamin coci. Mahaifiyar Paul kuwa, Maria Louisa Bustill, malamar lakkwal ce. Ta rasu a 1904 sakamakon ƙunar wuta, yaron bai cika shekara 6 ba. Saboda haka a hannun tsohonsa ya tashi, shi ne kuma ya hore shi kan magana a gaban jama'a: yadda ake fitar da kalma sarai, da yadda ake cika ɗaki da murya ba tare da an yi ihu ba.

A 1915 Paul ya ci jarrabawar samun tallafin karatu, ya shiga kwalejin Rutgers. Shi ne baƙar fata na 3 da ya taɓa shiga wannan makaranta. Da ya nemi shiga ƙungiyar ƙwallo irin ta Amurka, wadda ake yi da hannu da ture, sai abokan wasan suka taru a kansa ranar gwaji, suka karya masa hanci, suka gurɗe masa kafaɗa. Da ya warke ya koma fili, har a 1917 da 1918 aka sa sunansa cikin gwanayen ƴan wasan ƙasar duka. A 1919 shi aka zaɓa ya yi jawabin ban kwana a madadin ajinsu. Daga nan ya wuce jami'ar Columbia a Niyok, ya karanta shari'a, ya gama a 1923.

Aikin lauya bai daɗe a hannunsa ba. Wata rana a ofishin da ya kama aiki ya kira sakatariya, Baturiya, domin ta rubuta wasiƙar da zai faɗa mata, sai ta ce ita ba ta rubuta maganar baƙin mutum. Robeson ya gane cewa ko ya zauna, Turawa masu ƙara ba za su yarda ya tsaya musu gaban alƙali ba. Ya bar aikin. Matarsa, Eslanda Goode, wadda ya aura a 1921, ita ce tun farko ta matsa masa ya gwada wasan kwaikwayo, ita ce kuma daga baya ta ajiye aikinta na ɗakin binciken asibiti ta riƙe masa sha'anin kuɗi da yarjejeniya.

A dandali

Shekarar 1924 ce ta fito da shi. Wata ƙaramar ƙungiyar wasa ta Niyok, mai suna Provincetown Players, ta ba shi manyan matsayi 2 cikin wasannin Eugene O'Neill, marubucin da daga baya ya samu kyautar Nobel a 1936. Wasa na farko, All God's Chillun Got Wings, labarin wani baƙin saurayi ne da ya auri Baturiya. Tun kafin a buɗe labule jaridu suka baza labari cewa a cikin wasan Baturiya za ta sumbaci hannun baƙin mutum. A wancan zamani jihohi da yawa na Amurka sun haramta irin wannan aure da doka. Wasiƙun barazana suka yi ta zuwa, hukumar birni kuma ta hana yaran da za su fito a kashin farko izinin hawa dandali. Ran 15 ga watan Mayu 1924 aka buɗe wasan duk da haka: mai shirya wasan ya fito ya karanta kashin yaran da bakinsa, sa'an nan manya suka ci gaba. Ba a yi tarzomar da ake tsoro ba.

Wasa na biyu, The Emperor Jones, watau Sarki Jones, wani Baƙin Amurka mai suna Charles Gilpin ne ya fara yin sa a 1920. Labarin Brutus Jones ne, ma'aikacin jirgin ƙasa da ya yi kisan kai, ya tsere daga kurkuku zuwa wani tsibiri na Karibiyan, ya naɗa kansa sarki, ya ruɗi talakawa cewa ba abin da ke kashe shi sai harsashin azurfa. Ranar da suka yi masa bore ya faɗa daji da dare. Ganga tana bugawa a bayan labule, da farko daidai da bugun zuciyar mutum, sa'an nan tana ƙara sauri, shi kuwa yana ganin fatalwar laifuffukansa da ta kakanninsa bayi, har gari ya waye aka harbe shi da harsashin azurfar. Kusan dukan wasan mutum ɗaya ne yake magana. Robeson, dogo, ƙaƙƙarfa, mai murya kamar daga cikin rijiya, ya riƙe ƴan kallo shi kaɗai. A 1925 ya kai wasan Landan.

A wannan shekara kuma, cikin watan Afrilu, shi da makaɗin piyano Lawrence Brown suka yi wani taron waƙa a Niyok wanda ba a rera kome a cikinsa ba sai waƙoƙin ibada da bayi suka ƙaga a gonakin kudu. Mutane da yawa, har cikin baƙaƙen da suka yi karatu, suna ɗaukar waɗannan waƙoƙi abin kunya ne na zamanin bauta. Robeson ya tsaya da su a zauren manya, ɗakin ya cika har aka mai da mutane gida.

Silima marar magana

Kafin mu bi shi cikin silima, ya kamata mu san halin da ya tarar da ita. A 1915 wani mai shirya fim, D. W. Griffith, ya fitar da The Birth of a Nation, fim mai tsawon wajen awa 3, wanda ya nuna baƙaƙe a matsayin miyagu da sakarkaru, ya kuma mai da ƴan ƙungiyar Ku Klux Klan, masu kashe baƙaƙe da dare, jarumawa. Manyan matsayin baƙaƙe a cikinsa Turawa ne suka shafa baƙin shuni a fuska suka yi su. Fim ɗin ya samu kuɗi irin wanda ba a taɓa gani ba. Domin mai da martani, waɗansu baƙaƙe suka kafa ƙananan kamfanoni suna yin finafinai don gidajen silima na unguwanninsu. Babba a cikinsu shi ne Oscar Micheaux, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa kuma manomi, wanda ya shirya fim fiye da 40 tsakanin 1919 da 1948, yana yawo da su gari gari yana neman mai nunawa.

Micheaux ne ya fara sa Robeson gaban na'urar ɗaukar hoto, cikin fim mai suna Body and Soul, watau Jiki da Rai, wanda ya fito a 1925. Robeson ya fito a matsayin mutum 2, tagwaye: ɗaya fursuna ne da ya tsere ya sa rigar limamin coci, yana shan giya a ɓoye, yana cin dukiyar mabiya, har ya ɓata ƴar wata mai wanki ya sace kuɗin da uwar ta daɗe tana tarawa, ɗayan kuwa mutumin kirki ne, talaka, mai son yarinyar da aure.

A nan ya haɗu da abu 2 da dandali bai taɓa nuna masa ba. Na farko, silimar wancan lokaci ba ta da murya. Ana ganin bakin mutum yana motsi, sa'an nan a nuna rubutu a allo. Mutumin da duk arzikinsa murya ce, ga shi an bar shi da ido da kafaɗa da murmushi. Waɗanda suka kalli fim ɗin sun shaida cewa ya iya: murmushin limamin ƙarya kaɗai ya isa ya tsorata mai kallo. Na biyu shi ne almakashi. Hukumar tace finafinai ta jihar Niyok ta ƙi ba da izinin nuna fim ɗin, ta ce ya ci mutuncin addini, zai kuma koya wa mutane laifi. Dole Micheaux ya rage shi daga naɗi 9 zuwa naɗi 5, kowane naɗi kuwa zaren fim ne mai tsawon wajen mita 300. Kusan rabin aikin ya tafi.

Wannan shi ne bambancin da ke tsakanin sana'o'in nan 2, kuma duk labarin Robeson a kansa yake. A dandali ɗan wasa yakan fara daga farko ya kai ƙarshe a gaban mutanen da yake gani da idonsa. In wata magana ta zo masa da raini, yana iya juya ta da murya ko da kallo a daren nan, gobe kuma ya sake gyarawa. A silima kuwa gutsi gutsi ake ɗaukar hoto, wani lokaci a ɗauki ƙarshen labari kafin farkonsa. In an gama, ɗan wasa ya karɓi kuɗinsa ya tafi gida, zaren fim kuma ya shiga wani ɗaki inda wani mutum dabam yake zaune da almakashi da gam. Shi ke yanke abin da ya ga dama, ya jona abin da ya ga dama, ya ƙara rubutu a gaba ko a baya. Fuskar ta ɗan wasa ce, amma ma'anar tana hannun mai almakashi da wanda ya biya shi.

Murya ta samu hanya

A 1927 fim mai magana ya bayyana a Amurka da The Jazz Singer, wanda a cikinsa ma Bature ne ya shafa baƙi a fuska yana waƙa. Ba da daɗewa ba Robeson ya koma Landan da zama. A 1928 ya fito cikin wasan waƙa mai suna Show Boat a gidan wasa na Drury Lane, inda ya rera Ol' Man River, waƙar da ta bi shi har ƙarshen ransa. A 1930 ya hau dandalin Savoy a matsayin Othello, baƙin sarkin yaƙi na wasan Shekspiya, tare da Peggy Ashcroft. Rabon da a ga baƙin mutum ya yi wannan matsayi a babban dandalin Landan tun zamanin Ira Aldridge, cikin ƙarni na 19. A shekarar nan kuma shi da matarsa suka fito cikin wani ƙaramin fim marar magana, Borderline, da aka ɗauka a Suwizalan.

A 1933 aka mai da Sarki Jones fim mai magana, a ƙarƙashin Dudley Murphy, aka ɗauke shi a Niyok. Yana cikin finafinan Amurka na farko masu magana da baƙin mutum ya zama shi ne jigon labari, Bature kuma yana binsa a baya. Duk da haka wariya ta shiga har ɗakin ɗaukar hoto. Fredi Washington, wadda ta fito a matsayin budurwarsa, baƙar Amurka ce mai hasken fata; masu kuɗin fim suka ji tsoron kada ƴan kallo su zaci Baturiya ce Robeson yake runguma, sai aka shafa mata abin da zai duhunta fatarta aka sake ɗaukar hoton.

Kogin Sanders

A Landan Robeson ya san ɗaliban Afirka, ya zauna da su, ya ji labarin mulkin mallaka daga bakinsu. A 1934 ya shiga makarantar nazarin harsunan Gabas da na Afirka ta jami'ar Landan, ya karanci Suwahili da ilmin furuci. Yana cikin wannan hali ne ƴan'uwa 2, Alexander da Zoltan Korda, suka zo masa da tayi. Zoltan ya yi watanni a Afirka yana ɗaukar hoton raye-raye da kaɗe-kaɗe da kwale-kwale. Robeson ya ga hotunan, ya ji waƙoƙin, ya yi murna, ya ɗauka cewa a karo na farko duniya za ta ga al'adun Afirka da mutunci. Ya sa hannu.

Fim ɗin, Sanders of the River, daga labaran wani marubucin Ingila, Edgar Wallace, aka ɗauko shi, waɗanda aka fara tarawa cikin littafi a 1911. A cikin littattafan nan sojojin da ke tafe bayan Bature Sanders, Hausawa ake ce da su. An ajiye labarin fim ɗin a Nijeriya ta zamanin mulkin Ingila, amma ƙauyen da ake gani a kusa da Landan aka gina shi, aka tara ƴan Afirka mazauna Ingila, ma'aikatan tashar jiragen ruwa da ɗalibai, domin su cika fage. Cikinsu har da ɗan wasan Nijeriya Orlando Martins, da wani ɗalibi daga Kenya mai suna Jomo Kenyatta, wanda ya zama shugaban ƙasarsa a 1964.

Robeson ya fito a matsayin Bosambo, wanda Sanders ya tabbatar masa da sarauta bisa sharaɗin biyayya. Da Sanders ya tafi hutu, sai aka baza jita-jitar ya mutu, ƙabilu suka faɗa wa juna da yaƙi, wani mugun sarki ya kama Bosambo da matarsa. Ana gab da kashe su sai ga Sanders cikin jirgin ruwa da bindiga mai ruwa, ya cece su. Da fim ɗin ya fito a 1935, an sa rubutu a farkonsa na yabon ƴan tsirarun Turawan da ke riƙe da Afirka, an kuma jera hotunan yadda duk mai kallo zai fita da darasi guda: in Bature ya juya baya kwana kaɗan, baƙaƙe za su cinye juna. Raye-rayen da suka burge Robeson sun zama ado kawai a gefen wannan darasi, muryarsa kuma, wadda ya kawo domin ɗaukaka Afirka, ta zama mai yi wa Bature kirari.

Fim ɗin ya samu kasuwa ƙwarai. Ƴan kishin Afirka a Landan da baƙaƙen Amurka suka yi wa Robeson ca, suna cewa ya sayar da su. Bai kare kansa ba. Ya fito fili ya barranta da fim ɗin, ya ce an juya abin da aka nuna masa da farko. Amma fa Hausawa sun ce magana zarar bunu ce: fim ya riga ya fita, an buga shi kofi da yawa, ana nuna shi a ƙasashen da Robeson bai taɓa takawa ba, ba kuwa yadda zai bi kowane gidan silima ya yi bayani.

Neman riƙe almakashi

Bayan wannan, a 1936 ya je Holiwud ya sake rera waƙarsa cikin fim ɗin Show Boat, sa'an nan ya koma Ingila da sabon sharaɗi: ba zai sa hannu ba sai an ba shi ikon duba fim bayan an yanka an jona. Ya samu wannan iko a Song of Freedom, na 1936, labarin wani ɗan dako na tashar jiragen ruwan Landan da ya zama mawaƙi, ya gano cewa shi jikan sarakunan wani tsibiri ne na Afirka ta Yamma, ya koma can. Fim ɗin ya nuna baƙin ma'aikaci yana zaune lafiya da maƙwabtansa Turawa, yana da gida da mata da sana'a, abin da ba a saba gani ba. Amma Afirkar da aka nuna a kashi na biyu ba ta wuce ta bokaye da jahilci ba. A 1937 kuma ya fito cikin King Solomon's Mines, inda har yanzu Turawa ne ke gaba.

Fim ɗin da zai fi jan hankalin mutanen ƙasarmu shi ne Jericho, na 1937. Robeson ya fito a matsayin sojan Amurka na yaƙin duniya na farko, wanda ya fara karatun likita kafin a ɗauke shi soja. An harbi jirgin ruwansu, ya ceci abokansa da suka maƙale a ciki, amma garin haka wani hafsa ya mutu, aka yanke masa hukunci. Ya tsere ya faɗa Sahara, ya zauna cikin Buzaye, ya yi musu magani, ya yi aure, har ya zama jagoran ayarin gishiri, irin ayarin raƙuma da mutanenmu suka sani yana ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma. A Masar aka ɗauki hotunan Robeson na hamada, wannan tafiya ce kuma ta sa ya taka ƙasar Afirka. A wannan karo baƙin mutum ne mai ilmi, shi ke shugabanci, kuma labari ya ƙare yana raye cikin iyalinsa.

A 1940 ya yi The Proud Valley, labarin baƙin matuƙin jirgin ruwa da ya samu aiki da masauki wurin masu haƙar kwal na ƙasar Wales, ya shiga ƙungiyar waƙarsu, daga ƙarshe ya ba da ransa cikin rami domin ya ceci abokan aikinsa. Wannan ne fim ɗin da shi da kansa ya fi alfahari da shi.

Rabuwa da silima

Da yaƙin duniya na biyu ya tashi a 1939 ya koma Amurka. A 1942 ya yarda ya fito cikin kashin ƙarshe na Tales of Manhattan, wanda Bafaranshe Julien Duvivier ya shirya a Holiwud. Wata riga cike da kuɗi ta faɗo daga jirgin sama cikin gonar matalautan baƙaƙe, suka ɗauka daga sama Allah ya jefo musu, suka raba suna waƙa. Robeson ya yi zaton fim ɗin zai nuna talaucin manoman kudu. Da ya fito sai ya ga an mai da su yara masu saurin ruɗuwa. Ya kira ƴan jarida ya shaida musu cewa ya bar finafinan Holiwud. Bai sake fitowa a matsayin ɗan wasa cikin wani fim ba.

Ya koma dandali, inda ba mai yanka masa magana. A watan Oktoba 1943 ya buɗe Othello a Niyok tare da Uta Hagen da José Ferrer. An yi wasan sau 296 a jere, abin da wani wasan Shekspiya bai taɓa samu ba a manyan gidajen wasa na birnin.

Shekarun ƙunci

Tun 1934 Robeson ya ziyarci Tarayyar Sobiyat, ya ce a can ne ya fara jin ana kallonsa a matsayin cikakken mutum. A 1937 yana cikin waɗanda suka kafa wata majalisa a Niyok mai goyon bayan ƴancin ƙasashen Afirka. Bayan yaƙi, da gaba ta ƙullu tsakanin Amurka da Rasha, wannan ra'ayi ya zame masa laifi. A 1949, bayan wani jawabi da ya yi a taron zaman lafiya na Paris, jaridun Amurka suka kira shi maci amana, ƴan tarzoma kuma suka jefi mutanen da suka je sauraron waƙarsa a Peekskill, kusa da Niyok. A 1950 gwamnati ta karɓe fasfonsa, gidajen waƙa suka rufe masa ƙofa, aka daina sayar da faifansa. Gaskiya ne kuma cewa ya karɓi kyautar Stalin a 1952, bai kuwa taɓa fitowa ya soki kashe-kashen da aka yi a ƙarƙashin wannan shugaba ba. Har masu ƙaunarsa suna ganin wannan tabo ne a tarihinsa.

A 1957, da yake ba shi da ikon fita, ta wayar talho da ke ƙarƙashin teku ya rera waƙa ga jama'ar da suka taru a Landan, daga baya kuma ga masu haƙar kwal na Wales. A 1958 kotun ƙoli ta Amurka ta yanke cewa ba a hana ɗan ƙasa fasfo saboda ra'ayinsa, aka mayar masa da nasa. Ya sake yin Othello a Stratford, garin Shekspiya, a 1959. Daga nan rashin lafiya ya kama shi, ya janye daga jama'a, ya rasu a Filadalfiya ran 23 ga watan Janairu 1976, yana da shekara 77. Daga baya babban ɗakin karatu na majalisar Amurka ya sa finafinansa cikin jerin waɗanda ƙasa za ta adana: Sarki Jones a 1999, Jiki da Rai a 2019.

Abin da ya shafe mu

A shekarar da aka mayar wa Robeson fasfonsa, watau 1958, wani ɗan Yamai mai suna Umaru Ganda, tsohon sojan yaƙin Indoshin da ke aikin dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan, ya fito cikin fim ɗin Jean Rouch mai suna Moi, un Noir. Sunan da ya laƙaba wa kansa a ciki shi ne Edward G. Robinson, sunan wani ɗan wasan Amurka wanda shi ma daga dandali ya shiga silima, wanda kuma yana cikin Tales of Manhattan, fim ɗin da ya raba Robeson da Holiwud. Ganda bai tsaya a gaban na'ura ba, ya zaga bayanta. Ya shirya Cabascabo, inda ya ba da labarin tsohon soja da ya dawo gida, sa'an nan Le Wazzou polygame, wanda ya ci babbar kyautar bikin finafinan Afirka na Wagadugu a 1972. Kafinsa Mustafa Alasan, wanda ya zauna Tawa shekaru da yawa, ya riga ya shirya Le Retour d'un aventurier a 1966, inda ya yi wa samarinmu masu kwaikwayon kaboyin Amurka dariya. Abin da Robeson ya yi shekaru yana roƙo a rubuta masa cikin yarjejeniya, waɗannan ƴan ƙasa sun same shi ta hanyar riƙe na'ura da almakashi da hannunsu.

Yau na'urar ɗaukar hoto ta shiga aljihun kowa, baƙi kuma suna zuwa garuruwanmu suna ɗaukar hoton kasuwa da rijiya da makaranta da ɗakin shan magani. Ya kamata ma'aikacin da ke ba da izini, da mai gari da ke tara mutane, da manomin da aka ce ya tsaya a bakin gonarsa, kowa ya yi tambayoyin da Robeson bai yi ba a 1934: wa zai yanka hoton, wane rubutu za a sa a gabansa, a ina za a nuna shi, kuma za a dawo a nuna mana kafin a kai wa duniya? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ya kamata kuma a fara ji in za a ba da labarin ɗakin. Allah ya sa mu dace.